Silimar gida da albashin malami: a sayi murya kafin a sayi ƙara

Duk mai shiga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko shagunan kayan wuta na Yamai, ya san kwalayen nan da ake jerawa a bakin ƙofa: akwati ɗaya babba, ƙananan lasifika biyar, fitilu ja da shuɗi suna walƙiya, an rubuta 3000 W da manyan baƙaƙe. Ƴan kasuwa suna ce musu home cinéma, mu kuma mu ce silimar gida. Ina koyarwa a makarantar horar da malamai, kuma da yake an san ni da taɓe-taɓen kayan sauti, tsofaffin ɗalibaina da suka fara karɓar albashi, da iyayen da adashe ya zo kansu, sukan tambaye ni ko su saya. Amsata ba ta canzawa. Wanda kuɗinsa kaɗan ne ya nemi lasifika biyu masu kyau da ƙaramin ampli, ya kare su daga wuta, ya gyara ɗakin da za su zauna. Sauran su jira. Ga dalilaina.

Mu fara da tambayar da mai shago ba zai yi maka ba: me ake saurare a gidanka? A yawancin gidajenmu amsar ita ce labaran Télé Sahel, tafsiri a watan azumi, finafinan Hausa da muke kira dandalin soyayya, wasan Mena, kokowar takobi idan lokacinta ya zo, da ƴan shirye-shiryen Faransanci na yara. Kusan duka magana ce. Tsarin nan na lasifika biyar da wufa ɗaya, wanda ake rubutawa 5.1, an yi shi ne don manyan finafinai masu jirage da fashe-fashe. Kamfanin Dolby ya shigar da irinsa gidajen silima a 1992, daga baya ya iso gidaje ta hanyar DVD. Kafin lasifikan baya su yi aikinsu, sai an naɗi fim ɗin a hanyoyi shida tun daga tushe. Abin da ake tura mana a waya ko a loda mana a kile, mafi yawansa hanya biyu ne, hagu da dama, wani ma hanya ɗaya ce tak. In ka ba akwatin 5.1 irin wannan, ko dai na baya su yi shiru, ko su maimaita abin da na gaba ke faɗi. Ka biya kuɗin shida, kana cin moriyar biyu.

Sai lissafin da kowane ɗan firamare zai iya. Kuɗin da aka raba wa lasifika shida, kowace ta samu kaɗan. Shi ya sa ƙananan nan biyar sukan zo a gwangwanin roba mara nauyi, muryarsu siririya, sai a cika wufa da gunji don a rufe aibinsu. A shago abin yana burgewa, ƙirji na girgiza. A gida kuwa sai kakar yara ta riƙa cewa “me ya ce?” a ƙara sauti, ta sake tambaya, a sake ƙarawa. An samu ƙara, ba a samu magana ba.

Mu malamai ya kamata mu fi kowa gane wannan. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga 20 zuwa kusan 20,000 Hz. Wufa tana aiki ne can ƙasa, daga wajen 120 zuwa ƙasa. Abin da ke sa a fahimci magana yana tsakiya da sama, shi ya sa tsohuwar wayar tarho da ke ɗauke da 300 zuwa 3,400 Hz kaɗai take isar da zance sarai. Baƙaƙen da ke raba kalma da kalma a can sama suke. Yaron da ke koyon Faransanci yana bukatar ya ji bambancin poisson da poison, da na dessert da désert. A Hausa ma haka ne: kafa da ƙafa, bari da ɓari, sara da tsara. Gunji mai yawa yana danne waɗannan ƙananan bambance-bambance. Muna wuni a aji muna gyara wa ɗalibi furuci, bai kamata mu koma gida mu sa kuɗinmu a na'urar da ke haɗiye baƙaƙe ba.

Batun 3000 W kuwa, a duba da kyau za a ga haruffa huɗu a gefensa: PMPO. Wannan awo ba shi da ƙa'idar da aka yi ittifaƙi a kanta, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Awon da za a iya dogara da shi shi ne RMS. In ba a rubuta shi ba, a juya bayan na'urar a karanta wutar da take sha. Sau da yawa za a tarar da 50 ko 60 W. Na'ura ba ta iya ci gaba da fitar da abin da ya fi wanda ta sha. Wat 3000 na gaskiya wutar dutsen guga biyu ko uku ce a lokaci guda, kuma babu falon malamin da ke bukatarta. Lasifika mai kyau tana iya ba da desibel 88 zuwa 90 da wat ɗaya kacal, idan kana nesa da ita da mita ɗaya. Ninka wat sau biyu yana ƙara desibel 3 ne kawai, kuma kafin kunne ya ji sauti ya ninka sai an ninka wat wajen sau goma. Wat 15 zuwa 30 na gaskiya a kowane gefe sun ishi falo, har da tsakar gida. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

To yaya za a kasa kuɗin? Shawarata a raba su kashi huɗu, ko jikka 40 ne ko 100. Kashi biyu na lasifika, kashi ɗaya na ampli, kashi ɗaya na kariyar wuta da wayoyi. Lasifika ce ke cin rabi domin ita ce bakin da ke magana, kuma ita ce ta fi daɗewa. Ampli kan ƙone a sake wani, lasifika mai kyau kuwa sai ta shekara ashirin tana aiki.

A nan kayan hannu sun fi sabo araha da inganci, in an iya zaɓe. A kasuwa irin Katako ta Yamai, da wajen masu gyaran rediyo na kowane gari, ana samun tsofaffin lasifika na katako da suka zo daga Turai. A ɗaga a ji nauyi, a ƙwanƙwasa gefe. Akwati mai kyau ba ya amsawa kamar garwa. A duba zoben soso ko roba da ke kewaye da bakinta, domin zafinmu yana ruɓar da shi. A danna tsakiyar a hankali da yatsu, in an ji tana gurza, a bar ta. Sannan kada a yarda mai shago ya yi gwaji da kiɗan da ya zaɓa. Ka zo da muryar da ka sani a wayarka, ta mai karanta labarai ko ta malamin da ka saba saurare, da kiɗa mai laushi irin gurmin marigayi Mamman Barka. A sa sautin daidai yadda za a sa a gida. Idan ka rufe ido ka ji kamar mutum ne a gabanka, ka samu. Abu ɗaya kuma: duk na'urar da ake haɗawa da wuta a duba bayanta. Wutarmu volt 220 ce, kayan Amurka kuwa na 110 zuwa 120 ne, in aka soka su kai tsaye sun tafi ke nan.

Ampli kuwa, zamani ya yi mana sauƙi. Akwai ƙanana na rukunin D, wasu ba su fi tafin hannu ba, da yawansu an gina su a kan ɗan guntun da ake kira TPA3116. Ba sa ɓarnar wuta, ba sa zafi sosai, kuma suna aiki da volt 12 zuwa 24. Wannan na da muhimmanci a wurinmu. Tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a watan Agusta na 2023, gidaje da yawa suka koyi darasi suka nemi sola da batir. Irin wannan ampli yana tashi kai tsaye daga batirin volt 12, ya ba da wajen wat 15 a kowane gefe da lasifika mai ohm 4. Tsohuwar rediyon mota ma tana wannan aiki, kuma kowane mai gyara ya san ta. Malamin da aka tura ƙauyen da babu kuran, wannan ce hanyarsa. A kula dai da lambar ohm da ke bayan lasifika, 4 ko 6 ko 8, ta dace da abin da ampli ya ce yana ɗauka. Masu ɗaura lasifika biyu a baki ɗaya su sani: biyu masu ohm 8 sun koma 4, biyu masu 4 sun koma 2, daga nan sai ƙauri.

Kashi na huɗu shi ne wanda mutane ke jin ƙyashin kashewa, domin na'urar daidaita wuta ba ta waƙa. Amma duk wanda ya ga yadda wuta ke hawa da sauka a watan Afrilu da Mayu, ya san cewa dawowarta ta fi ɗaukewarta haɗari. Wanda ke kan kuran ya sayi wannan na'ura rana ɗaya da ampli. A koya wa yara su cire waya idan an ɗauke wuta, da kuma idan hadari ya haɗo da damina. A bar wa ampli sararin shan iska, a rufe shi da ƙyalle idan ya huce, saboda ƙurar hunturu. Haɗawa da tele kuma a yi da waya, ko jan nan da fari da ke bayan dekoda, ko ramin abin sa wa kunne. Bluetooth yakan yi jinkiri, a ga baki ya motsa kafin magana ta iso.

Saura ɗaki, wanda gyaransa kusan kyauta ne. Kowane malami ya san yadda muryarsa ke amsa kuwwa a ajin siminti kafin yara su shigo, da yadda take daidaita idan aji ya cika. Falon zamani mai bangon siminti, daɓen karo da rufin kwano, haka yake yi wa lasifika. Darduma ko tabarma a ƙasa, labule mai kauri a taga, matasan kai, kantar littattafai a bango, duk suna shanye kuwwar. A ɗora lasifika ɗaya a dama da tele, ɗaya a hagu, daidai tsayin kunnen mai zama. In a tabarma ake zama, a sauke su ƙasa-ƙasa. Nisan da ke tsakaninsu ya yi daidai da nisan kowace zuwa wurin zama, a ɗan janye su daga bango, kada a cusa su a kusurwa. Jar waya a ja, baƙa a baƙa, a dukan gefen biyu. In an yi haka, murya za ta riƙa fitowa kamar daga tsakiyar allon, ba tare da lasifika ta uku ba.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, kwalin nan ya fi sauƙi, ka kai gida ka soka. Gaskiya ne. Amma ranar da akwatin tsakiya ya ƙone, sau da yawa duka shidan sun zama kayan ado, domin komai a cikinsa yake. Wanda ya haɗa nasa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya lalace kaɗai zai sake. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Na biyu, wani zai ce shi yana son gunjin, kuma yana kallon finafinan da aka yi don haka. Ba laifi. Ya fara da biyu, badi ya ƙara wufa, in hali ya yi ya kai biyar. Bai yi asarar komai ba. Na uku shi ne mafi nauyi: malamin da albashinsa ba ya kai ƙarshen wata, ina shi ina silima? Wannan na yarda da rabinsa. Kada a ci bashi don sauti, kada a saya a watan Oktoba kafin a gama da littattafai da kayan makaranta, kada a taɓa kuɗin hatsi. Amma ban yarda cewa almubazzaranci ne ba. A gidajenmu yanzu kowa ya duƙa a kan wayarsa, abin sauraro toshe da kunne, uba bai san abin da ɗansa ke ji ba. Wurin da iyali za su zauna su ji abu guda tare, a tsayar a tambayi yaro me ya fahimta, a yi gardama, a yi dariya, yana da amfanin da ya kai a ware masa wani abu.

A ƙarshe, akwai abin da ya fi kuɗin tsada, wato kunnen yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraren sauti. Ma'aunin da ta fitar a 2019 don na'urorin sauraro ya ba babba desibel 80 na awa 40 a mako, yaro kuma 75. Idan sauti ya kai 90, awa 4 ne kacal a mako. Ƙananan gasun da ke cikin kunne in suka mutu ba sa sake tsirowa. Yaron da jinsa ya ragu ba ya sanin ya ragu. A aji sai a ce ba ya mai da hankali, ko a ce daƙiƙi ne, a mayar da shi bencin baya inda ya fi rashin ji. Gwajin gida mai sauƙi ne: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke zaune kusa da kai ya ji ka, sautin ya yi yawa. Lasifika mai fitar da magana sarai ba ta bukatar a ƙure ta, don haka ita ce mai sauƙi ga kunne, kuma ita ce mai sauƙi ga maƙwabcin da ƴarsa ke bitar BEPC a bayan katanga.

Saboda haka, ɗan uwa malami, ƴar uwa malama, in adashe ya zo kanku, ku wuce kwalin mai fitilu. Ku shiga da muryar da kuka sani a aljihu, ku sa a kunna muku ita a hankali, ku sayi abin da ya faɗe ta daidai.