Tun Ran Gini Ran Zane: Kafin Ka Tura Kuɗin Gidan Harhaɗawa

 

A 'yan shekarun nan duk ɗan kasuwar da ke zuwa Guwanzu ko Dubai, ko ma wanda ke zaune a shagonsa a Kumasi ko Duwala yana duba waya, ya ci karo da tallan gidan harhaɗawa. Gida ne da ake ƙera bangonsa da rufinsa da tagoginsa a masana'anta, a loda shi a kwantena, a sauke a Tema ko Lome ko Kwatano, a kawo fili a ɗaure da kusoshi. A bidiyo za ka ga an tashe shi cikin kwanaki. Ga mutumin da ya gaji da aika kuɗin siminti gida yana jin labarin bulon da ruwa ya cinye, wannan abu ne mai jan hankali, kuma ba laifi ba ne. Akwai ma waɗanda ya fi dacewa da su. A Gana, alal misali, kundin tsarin mulkin 1992 bai yarda wanda ba ɗan ƙasa ba ya riƙe fili fiye da hayar shekara 50 a lokaci guda, don haka gidan da za a iya kwancewa a ɗauke yana da nasa amfani ga baƙo.

Yau ba farashi za mu tattauna ba, ba kuma kuɗin kwastan ba. Maganar tsarin gidan za mu yi, wato ina ƙofa, ina ɗaki, ina madafi, domin a nan ne ake yin asarar da ba a iya mayarwa.

Mun saba da ginin bulo, inda ake gyara ana tafiya. Maigida ya zo ya ga taga ta yi ƙasa, ya ce wa birkila a ɗaga. Uwargida ta leƙo ta ce kicin ya yi kaɗan, a rushe layi uku a matsar. Shi gidan harhaɗawa ba ya karɓar wannan. Ranar da ka sa hannu a kan zane ka tura kuɗi, ranar aka gama gininka. An yanka ƙarfe daidai awo, an huda gurbin kowace ƙofa, an bi da waya ta cikin bango. Idan kwantena ta iso ka ga banɗaki yana kallon falo, haka za ku zauna da shi, ko ka sa a yanke bango ka raunana gidan. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. A irin wannan gida ma zanen ne ke gaba.

Zanen wa aka kawo maka?

Yawancin zanen da kamfanoni ke nunawa an yi shi ne don iyalin da ba irin namu ba: mata da miji da yaro ɗaya ko biyu, waɗanda ba sa baƙi sai da sanarwa. Ana buɗe ƙofa sai falo, kicin a cikin falon ba shamaki, ƙofofin ɗakunan kwana duk suna buɗewa cikinsa. A hoto yana da kyau. To ka auna shi da gidanka. Direban da ya kawo kaya ya yi sallama da la'asar, an ce ya shigo, ga Hajiya a tsaye tana tuƙin tuwo a gabansa, ga 'yarka ta fito daga wanka za ta wuce ɗaki. Wata guda ba za a yi ba za ka ga an rataye labule a tsakiyar falo, gidan miliyoyi ya koma kamar ɗakin haya.

Iyayenmu sun warware wannan matsala tun da daɗewa. Daga Kano zuwa Damagaram, daga Sabon Ibadan zuwa zangon Kumasi, gidan Bahaushe yana tafiya ne mataki-mataki: zaure inda baƙo ke tsayawa, sai shigifa ko ɗan fili inda samari ke kwana, sannan cikin gida. Ƙofar zaure ta waje da ta ciki ba sa kallon juna, don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida. Wannan dabara ba ta buƙatar ginin ƙasa. Ana iya yin ta da ƙarfe da falle, muddin ka nema tun a zane. Ka ce a yi wa falon maza ƙofarsa ta waje da banɗakinsa, ƙofar da ta haɗa shi da cikin gida kuma ta kauce, kada ta yi saiti da ta shigowa.

Ga ɗan kasuwa mazaunin wata ƙasa, wannan ɗakin baƙi ba ado ba ne. Masu kawo goro da shanu a da, a gidan mai masauki suke sauka, yau ma ɗan garinku da ya zo sari ko jinya ko neman aiki, gidanka zai nufa. Idan ba ka tanadar masa wuri ba, ɗakin 'ya'yanka zai kwana, kuma uwargida ce za ta ɗauki nauyin takurar.

A fara da tsakar gida

Shawarar da na fi so mai karatu ya riƙe ita ce: ka fara zana filin da ba za a gina ba, sannan ka jera ɗakuna a gefensa. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai kimanin murabba'in mita 465. Gida mai ɗaki uku ba zai cinye ko rabinsa ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a dasa gidan a tsakiyar fili kamar yadda yake a hoto, sai a bar 'yan lunguna ta kowane gefe, ba inda za a yi shanya, ba inda za a shimfiɗa tabarmi ranar suna. Ka matsa da gidan gefe gwargwadon tazarar da hukumar tsara birni ta yarda, ka sami fili guda mai faɗi. Mafi kyau ma, maimakon gida ɗaya dunƙulalle, a yi shi gida biyu ko uku ƙanana a jera su kamar kusurwa, su da katanga su kewaye tsakar gidan. A nan gidan harhaɗawa ya fi bulo sauƙi, tunda dama gunduwa-gunduwa yake zuwa.

A tsakar gidan nan ake wanke-wanke, ake daka, ake kwana lokacin bazara idan ɗaki ya gagara. A tanadi rumfa, a bar gurbin itace ɗaya, ko darbejiya ko mangwaro, nesa kaɗan da harsashin gini saboda saiwa.

Madafi biyu, ba ɗaya ba

Bangon irin waɗannan gidaje yawanci falle biyu ne na ƙarfe da abin tare zafi a tsakani. Mai arha farin soso ake sa masa, irin wanda ake naɗe talabijin da shi, kuma wuta tana narkar da shi. Akwai wanda ake sa wa audugar dutse, ya fi tsada amma ya fi jure wuta. Ka tambayi wanne ne a bangon kicin, a rubuta maka a takarda. Ko da wanne ne, murhun gawayi da na itace ba su da wuri a cikin gidan. Kicin na ciki na gas ne da firji, tukunyar gas ɗin a waje cikin inuwa. Babban girki na sallah da biki da azumi sai madafin waje, a gina shi da bulo, a ɓangaren da hayaƙi ba zai koma ɗakuna ba. Sito ya kasance kusa da madafi, kuma a raba shi da siton kayan kasuwa. Shi siton kaya ya kamata ya kasance kusa da ƙofar gida, yadda masu dako za su sauke su tafi ba tare da sun ratsa cikin iyali ba.

Rana, iska da ruwa

Ƙarfe yana ɗaukar zafi. A Yamai ko Injamena ko Marwa, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ɗakin da babbar tagarsa ke kallon yamma ba zai kwantu ba sai tsakar dare. A juya gidan yadda dogayen bangwayensa za su kalli kudu da arewa, a sa banɗaki da sito ta yamma su tare wa ɗakunan kwana rana. Kowane ɗaki ya sami taga a bango biyu don iska ta ratsa. A yankinmu na Sahel hadari daga gabas yake tasowa, ƙurar hunturu kuma daga arewa maso gabas, don haka ƙofar da ke wannan ɓangare tana son baranda. Mazauna bakin teku, Tema da Lome da Kwatano da Duwala, su kuma tsatsa ce abokiyar gabarsu, sai su tambayi irin rufin da aka yi wa ƙarfen.

Gidan ba ya zuwa da harsashinsa. Kai za ka zuba daɓen kankare kafin ya iso, kuma a cikin daɓen ake binne bututun ruwa da na masai. Idan awo ya kauce ko da taƙi ɗaya ne, sai an fasa. Shi ya sa ake so a tara banɗakuna da kicin a gefe guda. A ɗaga daɓen sosai sama da titi. Wanda ya ga ambaliyar Injamena a 2022, ko ta Maiduguri a Satumbar 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Sokawe da rijiya a raba su, ɗaya a wannan ƙarshen fili, ɗaya a wancan. Tankin lita 1,000 idan ya cika nauyinsa tan guda ne, rufin falle ba zai ɗauka ba, a yi masa hasumiyarsa daban. Idan da niyyar sa sola a rufi, a faɗa tun yanzu a ƙara ƙarfe.

Masana'antar Sin ba ta san alƙibla ba. Daga ƙasashenmu gabas take, ta ɗan karkata arewa. Ka duba yadda aka dasa masai a zane, idan yana fuskantarta ko ya ba ta baya, ka sa a juya. Ka faɗi irin wanda kuke so, na tsuguno ko na zama, musamman idan akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa. A yi wurin alwala a waje kusa da falon maza.

Awon da ake mantawa

Idan gidan na kwantena ne, faɗin cikinta kimanin mita 2.35 ne, kafin ma a yi mata rufin ciki. Gado mai ƙafa shida ya kai mita 1.8. Abin da ya rage kimanin rabin mita ne kawai, ina za a sa sif da madubin amarya? Tsayin cikinta ma bai kai mita biyu da rabi ba, fankar sama za ta yi kusa da kai. Ka auna gadonku da firiza da kujeru, ka gwada da faɗin ƙofofi. Bangon falle kuma ba ya riƙe ƙusa kamar bulo, duk inda za a rataye kanta ko talabijin sai an sa ƙarfe a bayansa tun a masana'anta. Sauti ma yana ratsa shi, don haka kada turaka ta haɗa bango da ɗakin yara ko na baƙi, a sa sif ko banɗaki a tsakani. Har soket sai an faɗa: Najeriya da Gana mai baki uku irin na Ingila suke amfani da shi, Nijar da Kamaru da Chadi da Togo da Benin kuwa mai zagaye irin na Faransa.

Iyali kuma ba sa tsayawa yadda suke. Yaran da ke kwana ɗaki ɗaya yau, nan da shekara biyar sai an raba maza da mata. Wata rana Inna za ta dawo hannunka. Mai mata biyu ya san ɗakuna sai sun yi daidai a faɗi da taga da banɗaki, in ba haka ba ya sayi rigimar da za ta fi gidan daɗewa. Ka tambayi kamfani wane bango ne za a iya cirewa a ƙara ɗaki, ka bar fili ta wannan gefe.

A zana shi a ƙasa

Kafin a tura ko sisi, a ɗauki zanen a je fili da igiya da turaku da toka, a fitar da kowane ɗaki a ƙasa da ainihin girmansa. A je da uwargida, domin kai kasuwa kake wuni, wani lokaci wata guda kana hanya, ita ce mai ɗaki, ita ta san inda zai yi yoyo. Ta taka daga madafi zuwa falo kamar ta ɗauko tire. Ta nuna inda za ta zauna tana ganin yara. Kai kuma ka tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo, ka ga abin da idonka ke iya hangowa. A je da safe, a koma da la'asar a ga inda rana ke bugawa. Hajiya, idan aka kai ki, don Allah kada kunya ta sa ki ce duk yadda aka yi daidai ne. Abin da kika gani ki faɗa, yau toka ce ana sharewa da ƙafa.

Idan kun daidaita, a kai zanen wa injiniyan da ke garin ya duba, a nemi izinin gini daga hukuma, domin gidan harhaɗawa ma gini ne a idon doka. Sannan a aika wa kamfani, su dawo da zanen ƙarshe mai awo a kowane bango, a sa wanda ya iya karanta shi ya bi layi-layi. Jinkirin mako biyu ko uku a nan bai kai ciwon zama shekara ashirin a gidan da bai dace da ku ba.

Allah Ya sa gidajenmu su zama wurin sutura da kwanciyar hankali, Ya rufa mana asiri a gida da kasuwa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.