Zancen Asusu: Maganin kitsen jini ba na aro ba ne



A wajen zubin makon jiya, wata ƴar ƙungiyarmu ta fiddo kwalin magani, wayam ba ko ƙwaya, ta ce: "Likita ya ce kitse ya yi mini yawa a jini. Wata guda na sha, kuɗi suka ƙare, na aje." Nan take wata ta ce maigidanta na da irinsa, za ta ɗebo mata. Niyya mai kyau ce, amma akwai haɗari a ciki.

Wannan kitse da likitoci ke ce wa kolestarol ba ya sa zazzaɓi, ba ya sa ciwo. Sannu a hankali yake taruwa cikin jijiyoyin jini har hanya ta ƙuntace, wata rana sai ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Siririya ma tana samunsa, kuma sai da awon jini ake gane shi. Mai hawan jini ko ciwon sukari ta fi kowa bukatar awon.

Magungunan da aka fi rubutawa su ne simvastatine da atorvastatine, kuma da takardar likita ake sayensu. Don mi? Likita ne ke yanke ƙarfin da ya dace da ke, miligiram 10, 20 ko 40. Ba a saba ba mai ciki ko mai shayarwa ba. Ba sa jituwa da wasu magunguna, kamar clarithromycine. In kina sha kika ji tsokar jiki na ciwo ƙwarai, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ki koma wurin likita ba ɓata lokaci. Maganin aro wa zai bi miki duk wannan?

To, ina sauƙin kuɗi? Ki roƙi likita ya rubuta jenerik: sinadarin ɗaya ne, sunan kamfani kawai ya bambanta, kuɗin kuma ya fi sauƙi. Tun 2007 simvastatine ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ki fara tambaya a farmasin gwamnati na ONPPC, ki gwada da farashin wani wurin. In daga ƙauye kike zuwa Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ki tambayi likita ko zai rubuta na wata uku, ki huta da kuɗin mota. Na kan tire da rana ta gasa kuwa, ko kyauta ne ki bar shi.

Ga inda asusu ya shigo. Tun da Mata Masu Dubara suka fara a jihar Maraɗi a 1991, mun saba da abu biyu: bashi don sana'a, da ƴar ajiyar taimako don lalurar da ta faɗo ba shiri. Wannan magani bai shiga ko ɗaya ba. Na kullum ne, sau da yawa har tsawon rai, kuma in aka daina sha kitsen na dawowa. Wadda ta ci bashi mai riba don sayensa, wata mai zuwa za ta sake ci.

Abin da muka yanke shi ne zubin magani. Duk mai shan magani na dindindin ta raba kuɗin wata gida huɗu. In jika huɗu ne, misali, jika guda ke nan kowane mako. Ma'ajiya ta rubuta shi dabam, a ba ta abinta saura mako guda kwalin ya ƙare. Ba riba, ba a ranta wa kowa.

A tukunya kuma mu rage kitse, man shanu da soye-soye, mu ƙara wake, zogale da kuɓewa. Suna taimako, amma ba su maye gurbin abin da likita ya rubuta.

Ƴar uwarmu ta koma wurin likita ranar Litinin, ta kuma yi zubinta na farko. Da yayyafi kogi kan cika. Ku kai zancen ga taronku na wannan mako.

Allah ya ba mu lafiya da abin zubi.