Kafin ka miƙa kuɗin fanshonka ga kamfanin inshora, tambayi makinsa



Da yawa daga cikinmu a nan Suleja ma'aikata ne da ke sammako zuwa Abuja kullum. Tun daga dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ana tara wa ma'aikacin gwamnatin tarayya da na kamfanoni kuɗi a asusunsa: kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, kashi 10 daga wanda ya ɗauke shi aiki. Ranar da ya ajiye aiki, bayan ya karɓi kason da ake bayarwa a dunƙule, sai a ce ya zaɓi ɗaya cikin biyu. Ko dai ya bar sauran kuɗin a hannun kamfanin da ke kula da asusunsa, wato PFA, a riƙa cirar masa kaɗan-kaɗan, ko kuma ya miƙa su ga kamfanin inshora ya sayi abin da ake kira anuwiti, wato alkawarin za a riƙa biyansa kowane wata har ƙarshen rayuwarsa.

Anuwiti yana da amfaninsa. Komai tsawon rai, biya ba ya yankewa, kuma idan mutum ya rasu cikin shekara goma na farko, magada za su karɓi na ragowar shekarun. Amma akwai abu guda da ya kamata kowa ya riƙe: wanda yake tare da PFA yana iya komawa anuwiti daga baya, wanda kuwa ya shiga anuwiti ba ya dawowa. Kuɗin ya tashi daga zama naka, ya koma alkawari. Shi kuwa alkawari, darajarsa tana ga ƙarfin wanda ya ɗauka. Ra'ayinmu shi ne kada ɗan unguwar nan ya sa hannu a takardar anuwiti sai ya ga makin ƙarfin kuɗi na kamfanin da idonsa.

Mene ne wannan maki? Akwai kamfanoni masu zaman kansu da sana'arsu ita ce binciken littattafan bankuna da kamfanonin inshora, su auna ko za su iya biyan abin da ke wuyansu. A Najeriya akwai Agusto & Co, wanda aka kafa a 1992, da GCR, da DataPro. A ƙasashen waje akwai AM Best, wanda ya ƙware a harkar inshora, da Fitch da Moody's da S&P. Suna duba jarin kamfani, da inda ya zuba kuɗin jama'a, da ko kadarorinsa sun rinjayi alkawuran da ya ɗauka, da yadda ake shugabancinsa. Daga nan sai su ba shi maki da haruffa. A uku jere shi ne ƙololuwa, sai A biyu, sai A ɗaya, sai B uku. Abin da ya yi ƙasa da B uku alama ce ta rauni. Tare da makin akan rubuta inda aka ga kamfanin ya dosa: yana nan daram, yana hawa, ko yana gangarawa.

Wani zai ce ai hukuma na sa ido, me zai sa talaka ya wahalar da kansa? Gaskiya ne akwai NAICOM mai kula da inshora da PenCom mai kula da fansho, kuma ƙa'idarsu ta ce a ajiye kuɗin anuwiti na 'yan fansho a wurin kamfanonin ajiya na musamman. Duk da haka mun ga abin da ya faru. A watan Yunin 2022 NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance. A watan Oktoban 2024 ta sauke shugabannin African Alliance, kamfanin da ya haura shekara sittin yana aiki, ta naɗa na riƙon ƙwarya, bayan ya kasa biyan masu haƙƙi a kan kari, cikinsu har da 'yan fansho masu anuwiti. Hukuma takan shigo ne bayan ɓarna ta bayyana, alhali dattijon da aka yi wata uku ba a biya shi ba ya riga ya ci bashin mai shago da mai magani. A kuma sani, kariyar da NDIC ke bayarwa ta kuɗin ajiya a banki ce, ba ta shafi anuwiti ba.

Sabuwar dokar inshora da aka sa wa hannu a 2025 ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar rai zuwa naira biliyan 10, daga biliyan 2 da yake a da. Wannan ci gaba ne. Sai dai cika mafi ƙarancin jari yana nufin an bar kamfani ya buɗe ƙofa ne kawai. Maki shi ke nuna bambanci tsakanin waɗanda duk aka bar su suka buɗe.

Ba mu ce maki wahayi ba ne. Yawanci kamfanin da ake aunawa shi ke biyan mai awon, kuma maki kan makara. A Amurka, katafaren kamfanin inshora AIG yana riƙe da maki mai kyau har tsakiyar Satumban 2008, lokacin da babban bankin ƙasar ya ceto shi da rancen dala biliyan 85. A Ingila, Equitable Life, wanda aka kafa tun 1762, ya daina karɓar sababbin abokan hulɗa a Disamban 2000 saboda alkawuran anuwiti da suka fi ƙarfinsa. Haka kuma maki ba ya maganin tsadar rayuwa. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari, anuwiti kuwa galibi adadi ɗaya ake biya kowane wata, ko buhun shinkafa ya ninka. Duk da waɗannan, awo mai ɗan kuskure ya fi sayen dawa a rufaffen buhu. Idan kamfani ba shi da maki sam, ko ya ƙi nunawa, wannan ma amsa ce.

Saboda haka idan wakilin kamfani ya same ka a ofis ko a gida, kada ka tsaya a kan nawa za a ba ka a wata. Wakili yana da kamasho a kan sa hannunka, kuma wanda ya yi alkawarin adadi mafi tsoka ba lalle ne ya fi iya cikawa ba. Bambancin dubu uku ko biyar a wata bai kai hadarin rasa biyan wata shida ba. Tambaye shi wane kamfani ne ya ba su maki, kuma nawa. Tambaye shi na wace shekara ne, domin irin wannan maki akan sabunta shi duk shekara, na shekara uku baya bai da amfani. Nemi ka ga na shekaru uku a jere don ka san hawa ake yi ko sauka. Sannan ka tabbatar a shafin intanet na mai awon, kada ka dogara da takardar talla. Idan makin yana ɗauke da alamar NG a ƙarshe, ma'anarsa an gwada kamfanin da takwarorinsa na cikin gida ne, don haka kada a haɗa shi da makin ƙasashen waje. Ka karɓi tayi daga kamfanoni biyu ko uku, ka kuma nemi PFA ɗinka ta lissafa maka abin da za ka samu idan ka zauna tare da ita.

Masu neman kauce wa kuɗin ruwa su sani cewa tun 2021 PenCom ta buɗe asusu na shida wanda ba ya mu'amala da ruwa. Su tambayi PFA ɗinsu game da shi kafin su yanke shawara.

Muna kira ga matasanmu na Hashimi masu karatun akanta da masu aikin banki su zauna da iyayensu da maƙwabtansu masu shirin ritaya, su buɗe musu waɗannan rahotanni a waya, su fassara musu da Hausa. Aikin rabin sa'a ne, amma kuɗin gumin shekara talatin da biyar ne a kan ma'auni. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san ritayarsa ta ƙarato. Allah Ya sa mu gama lafiya.