Kafin ka saya wa yaro motar murɗe, fara duba tsakar gidanka

Ana saura kwana uku Babbar Sallah ɗan autana, mai shekara huɗu, ya riƙe mini riga a Dantokpa. "Baba, waccan nake so." Abin da ya nuna wata 'yar motar roba ce, ba batir, ba feda. Yaro zai zauna ya ɗora ƙafafu, ya riƙa murɗa sitiyari dama da hagu, sai ta kama tafiya. Yaran layinmu motar murɗe suke ce mata. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ɗauka, ba mai ba caji." Na biya.

Yau ina ganin na yi gaggawa, kuma ba na so wani uba a Zongo ya maimaita.

Sirrin motar yana ƙafafunta na gaba. Ba daidai ƙarƙashin sandar sitiyarin suke ba, sun ɗan ja baya, shi ya sa duk murɗawa sai su tokare ƙasa su tura motar gaba. Wannan tokarewa tana buƙatar ƙasa mai tauri, shafaffiya. A kan siminti ko tayil tana gudu. A cikin yashi kuwa ko taku ɗaya ba ta yi, a kan duwatsun pave sai karkarwa. To Kwatano gari ne na yashi, kuma yawancinmu gidan haya muke, tsakar gida ɗaya da murhu da bokitai da igiyar shanya.

Ina yaro zai nemi wuri mai santsi? Bakin titi. Nan hankalina ya tashi. Kwana biyu bayan Sallah na fito zan tafi masallaci, na tarar da shi ya wuce ƙofa, wani ɗan zemijan mai rigar ɗorawa ya taka birki dab da shi. Ban ga laifin mutumin ba. Wanda ke zaune a motar nan kansa bai kai tsayin tayar babbar mota ba, ga unguwarmu kusa da tashar jiragen ruwa, manyan motoci ba sa yankewa. Motar kuma ba ta da birki, tafin ƙafar yaro ne birkinta.

Wani zai ce ai gara wannan da yaro ya wuni a kan waya. Gaskiya ne, tana motsa hannu da kafaɗa, kuma ba a kashe mata ko dala bayan saye. Ban ce a guje ta ba. Cewa na yi wurin hawa ake fara zaɓa, sannan motar.

In kana da baranda mai siminti da ƙofar da ake kullewa, bismillah. In babu, ka tambayi kanka ko za ka iya kai shi fili da kanka, kamar dandalin Amazone da aka buɗe a 2022, inda iyalai ke fita da yamma. In wannan ma ba zai yiwu ba, saya masa ƙwallo.

In ka tashi saye, juya ta ka duba. Ƙafafun roba mai ɗan laushi sun fi busasshen filastik kama ƙasa, kuma ba su cika ƙara ba, maƙwabta za su gode maka. Girgiza sitiyarin, in yana kwaɗa-kwaɗa ajiye. Karanta nauyi da shekarun da aka rubuta a kwalin, yawanci daga shekara 3 ne. Ɗora yaron a kai tun a shagon. Ka haɗa da takalmi rufaffe da hular kwano. Tun 2024 'yan sanda suka matsa mana kan hular a kan babur, mun saba, kan yaro bai fi namu tauri ba.

Tamu yanzu tana saman kwaba. Ranar Lahadi nake saukowa da ita, mu tafi tare. Ya yi kuka kwana biyu, ya haƙura. Allah ya raya mana su.