Damana ta sauya hali, gidan likita fa?

A can da, kowace cuta da lokacinta a ƙasar Nijar. Sanƙarau yakan zo da ƙurar hunturu, ya tsananta da bazara, ya ja da baya in ruwan farko ya sauka. Masassarar cizon sauro takan biyo damana, tamowa kuma ta riski yara sa'ad da rumbu ya ƙare. Bisa wannan jeri aka tsara aikin gidajen likita. To, yanzu jerin ya soma warwarewa.

Damanar 2024 ta isa shaida. Ambaliya ta hallaka mutane fiye da 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa, ginin ƙarni na 19, ya rushe cikin watan Satumba. Sai da gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Amma ɓarnar ruwa ba ta ƙarewa ranar da ya janye. Salga takan cika ta malala cikin rijiya, daga nan kwalara ta samu ƙofa. Mutanen Madarunfa ba su manta da ta 2018 ba, wadda ta kama mutum fiye da 3,000. Tafki yakan daɗe bai ƙafe ba, sauro ya yi ta hayayyafa. In kuwa ƙorama ta yanke hanya, mai naƙuda tana wannan gaɓa, ungozoma tana waccan.

Zafi ma haka. Ran 3 ga Afrilu 2024 ma'auni ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙidaya mamata 102 cikin kwana huɗu na farkon watan. Galibin alluran rigakafi sai an aje su tsakanin digiri 2 da 8. Da Najeriya ta yanke wutar lantarki a Agusta 2023, kowa ya ga hatsarin jingina firigon allura da ɗakin tiyata ga waya guda.

Maganin ba a ɓoye yake ba. Na farko, a haɗa likita da masanin yanayi. Cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD duk a Yamai suke, kuma kowace shekara akan fitar da hasashen damana tun kafin shuka. In an ce ruwa zai yi yawa, ya kamata magani da gidan sauro da sinadarin tsabtace ruwa su isa karkara tun cikin Yuni, kafin hanya ta ɓaci. Maganin rigakafin masassara da ake ba yara ƴan wata 3 zuwa 59, wanda aka soma a 2013 a wurare irin su Magarya da Madawa, an auna shi ne da watannin damana. In damana ta ja, dole rabon ya ja tare da ita.

Na biyu, gini. Gidan likita a kafa shi bisa tudu, da rijiyarsa, da wutarsa ta hasken rana. Rana dai ba ta yi wa wannan ƙasa rowa ba.

Na uku, kuma shi ne mai wuya, kuɗi. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, amma jinkirin biyan gidajen likita haƙƙinsu ya sha barin kantar magani wayam. A Abuja cikin 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba kiwon lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Ƙalilan ne suka cika.

Batun bai tsaya ga ministan lafiya ba. Ɗan kasuwa ya sani, ranar da annoba ta shiga gari ciniki ne farkon mai kwanciya, kuma kuɗin rijiya guda bai kai asarar mako guda ba. Ma'aikacin da takardar odar magani take bisa teburinsa, shi ma ya sani in ta kwana wata uku, can ƙauye wani yaro ne zai biya. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun rani ake shirya wa damana, kuma a bana wannan shiri ya haɗa da gidan likita.