Faifan da Ke Zaɓen Haske: A Rage Gaggawar Alkawari

Tsakanin igiyoyin maikurowef da hasken infared akwai yankin da ake kira terahaz, wanda tsawon igiyarsa ke kamawa daga milimita 3 zuwa maikuromita 30. Wannan haske yana ratsa tufa da takarda da roba, kuma ba ya ɓarna a ƙwayoyin jiki irin ta hasken ɗaukar hoton ƙashi. Ana iya sa shi ya tafi yana murɗawa kamar tufkar igiya, ko dai dama ko hagu.

Injiniyoyi na ƙera siraran faya-fayai masu hawa uku: ƙananan zane-zanen zinariya ko tagulla a sama, abin da ba ya ɗaukar lantarki a tsakiya, shafin ƙarfe a ƙasa. Sirrin yana ga zanen, domin bai dace da surarsa ta madubi ba, kamar yadda takalmin dama ba ya karɓar ƙafar hagu. Hasken da murɗinsa ya dace da zanen sai ya maƙale ya rikiɗe zafi, ɗayan kuwa a mayar da shi. Dabarar tana da asali: tun 1898 Jagadish Chandra Bose ya juya igiyoyin lantarki a Kalkata da murɗaɗɗen zaren rama.

Inda nake da ja shi ne alkawarin da ake yawan rataya wa waɗannan faya-fayai, wato tantance magunguna. Gaskiya ne ƙwayoyin sinadarai da dama suna da na dama da na hagu, kamar yadda Louis Pasteur ya nuna a 1848, kuma maganin talidomaid, da aka janye a 1961 bayan ya nakasa dubban jarirai, ya sa duniya ta daina wasa da batun. Sai dai ruwa yana shanye terahaz ƙwarai, alhali sinadaran jiki a cikin ruwa suke aiki. Ƙwayar sinadari kuma ta yi ƙanƙanta ainun idan aka gwada ta da tsawon igiyar, don haka alamar da take bayarwa raunanniya ce. Ga shi yawancin faya-fayan a ɗan siririn zango kaɗai suke aiki, da yawa kuma a kwamfuta aka gwada su, ba a ƙera ba.

A ganina, amfaninsu na kusa yana ga sadarwa da na'urorin auna haske. Murɗin dama da na hagu suna iya ɗaukar saƙo biyu a zango guda, faifan ya rarrabe su a wurin karɓa ba tare da tarin madubai ba.