Idan Kuɗi Ya Gaza, Wa Muke Fara Cirewa Daga Makaranta?

 Yau za mu ɗauko darasi daga wata ƙasa mai nisa a nahiyar Asiya, wato Bangladesh, domin abin da ya faru da 'yan matansu ya shafi gidajenmu.

Wajen shekara ta 1990, in an ƙirga ɗaliban sakandare a Bangladesh, 'yan mata kimanin ɗaya ce cikin uku. Ƙasa ce matalauciya, mai yawan jama'a, ga ambaliya kusan kowace shekara, ga aurar da yara da wuri. A 1994 gwamnatinsu ta shimfiɗa wani shiri a karkara duka, da taimakon Bankin Duniya da wasu masu ba da agaji. Ana biya wa yarinya kuɗin makaranta, a kuma zuba mata ɗan tallafi cikin asusun banki mai sunanta. Sharuɗɗa uku ne: ta halarci aji aƙalla kashi 75 cikin ɗari na kwanakin karatu, ta ci kashi 45 cikin ɗari a jarrabawa, kada kuma a aurar da ita sai ta rubuta jarrabawar kammalawa. Kuɗin ba su da yawa. Amma cikin kimanin shekaru goma 'yan mata suka kamo samari, yau ma sun fi su yawa a ajujuwan sakandare.

Ba mu ce sun gama aikin ba. Har yanzu auren wuri yana da yawa a can, kuma ba duk wadda ta shiga ce take kammalawa ba. Duk da haka sun nuna mana abu guda: sau da dama ɗan abin da ya gaza ne yake fitar da yarinya daga aji, kuma in aka cike giɓin, iyaye sukan bar ta ta ci gaba.

Yanzu mu dawo gida. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma tilas har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Daga nan nauyin yakan koma kan iyaye: kayan makaranta, littattafai, kuɗin mota, daga ƙarshe kuɗin WAEC da NECO. A nan ne muke yanke hukunci cikin ɗakunanmu ba tare da kowa ya ji ba. In hatsi bai yi ba, sai mu ce namiji ya ci gaba, ita kuwa ta ɗan dakata. Dakatawar nan takan zama talla, ko aikatau a birni, ko aure. Mu duba bencinan majami'armu ranar Lahadi. Mun san su da sunayensu, suna rera waƙa a ƙungiyar mawaƙa, amma ranar Litinin ba sa cikin aji.

Wani zai ce, ai gidan wani za ta. To, wa zai karanta takardar magani sa'ad da jikanmu ya kwanta da zazzaɓi? Wa za ta karɓi haihuwa a asibitin ƙauyenmu, in ba mu bar 'ya'yanmu mata sun kai makarantar ungozoma ba? Babu mai shiga can sai da sakamakon sakandare.

Ba sai mun jira Bankin Duniya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar matasa ta rubuta sunan kowace yarinya da ta gama aji uku ba ta wuce gaba ba. Dattawan ikilisiya da zumuntar mata su ziyarci iyayen cikin ladabi, su ji abin da ya gaza. Mu keɓe baiko ɗaya kowane zango don kuɗin jarrabawa, a biya kai tsaye a makaranta, a karanta lissafin a gaban kowa. Ku samari kuma, in an ce a cire ƙanwarku don ku ci gaba, ku yi magana, ku ce a raba abin da yake akwai.

Kafin a koma hutu, kowannenmu ya tambayi gida ɗaya: ina 'yarku take karatu bana? Ubangiji ya ba mu zuciyar aikatawa. Amin.